Makarantar Maman Salama a Hawa na Sha Huɗu

Duk wanda ya zauna a bulok ɗinmu na Danau Kota, a Malesiya, a shekarar 2021 ya san ranar da Maman Salama ta sauko da mutanen bene goma sha bakwai har ƙasa da ƙafafunsu, ita kuwa tana can sama tana duba farcen yara biyu.

Litinin ce, cikin Janairu, an sake kulle gari saboda korona. Ƙarfe bakwai da rabi na safe ina kurɓar shayi sai na ji ƙara ta cika ginin, gwan gwan gwan, ba ƙaƙƙautawa. Matata Hasanatu ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, gobara!" Ban tsaya bincike ba. Na suri jakar fasfo, ta suri yara, muka kama matakala, don ko jariri ya san ba a shiga lif in wuta ta tashi. A hanya muka haɗu da wata dattijuwa 'yar Malay rungume da tukunyar shinkafa ta lantarki, shinkafar na tururi a ciki. Wani tsoho ɗan Cana yana saukowa a hankali da kejin tsuntsunsa, ya tare hanya, ba mai iya wuce shi. Mika'ilu kuwa, ɗalibin digiri na uku daga Gusau, da tawul kaɗai ya fito, kwamfutarsa a ƙirji. Ya manta takalmi, amma bai manta takunkumi ba.

Muka taru a wajen ajiye motoci muna ɗaga kai muna neman hayaƙi. Babu hayaƙi. Mai gadi, wani ɗan Nepal mai haƙuri, ya hau yana bin ƙarar hawa hawa, har ta kai shi hawa na sha huɗu, gidan da ƙofarsa ke kallon tawa. Ya tarar an rataye tsohon ƙarfen tayar mota a tagar kicin, tagar da ke fuskantar ramin tsakiyar ginin, inda ko tari ka yi sai an ji a hawa na uku. Matar gidan na tsaye da sifana a hannu, yara mata biyu sun yi layi a gabanta sun miƙo yatsu.

Ya ce mata, "Madam, tak boleh lah," wato ba a yin haka a nan.

Ta ce masa da Turanci, "Makaranta ce. Makaranta ba ta farawa sai an buga ƙarfe."

Daga ranar ta zama Hedimasta a bakin kowa. Ofishin ginin ya aiko mata takardar gargaɗi. Ta karanta, ta ninke, ta samo tsohon tawul ta naɗe ƙarfen, ta ci gaba da bugawa kowace safiya. Ƙarar ta koma tuf tuf tuf, ni kaɗai ke ji, da ita ma nake saita agogona.

Sunanta Lai'atu. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Malumfashi, Kirista 'yar Kirista. Sababbin ɗalibai in sun zo sayen masar da take yi ran Asabar, a ƙulla musu tapau, wato ta tafiya gida, sukan tambaye ta inda ta koyi Hausa haka. Sai ta ce, "A inda kakarka ta koya." Babanta mai bishara ne, shi ne kuma malamin makarantar ƙauyen. Ƙarfe ɗaya ke rataye a bishiyar maina, da shi ake kiran yara aji ran Litinin, da shi ake kiran manya sujada ran Lahadi. A cikin Maganar Allah ta Hausa ta koyi haɗa baƙi, tana bin yatsan babanta. Littafin yana wurinta har yanzu, bangonsa ya mutu, ta ɗinka masa riga da atamfa. Ta koyar a firamare shekara shida kafin ta biyo mijinta Istifanus Malesiya, inda yake sayen kayan gyaran mota yana aikawa Kano. A cikin kayansa ne ta samo ƙarfen, bai sani ba.

'Yarsu ɗaya, Salama, shekararta tara, a nan aka haife ta. Tana zuwa wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a Taman Melati, ta 'ya'yan baƙi, irin wadda kujerunta ba su da yawa, masu nema kuma sun cika littafi. Shekara biyu Lai'atu ta yi tana zirga-zirga a jirgin ƙasa kafin a ba Salama gurbi. Ranar da aka kira ta, har mu sai da muka ci masa kyauta.

Da korona ta zo, karatu ya koma cikin waya. Salama takan zauna gaban allon kwamfuta ta kashe kyamara, malama na magana a kusurwa ɗaya, zanen barkwanci na tsalle a ɗaya kusurwar. In uwar ta yi mata Hausa ta amsa da Turanci, in ta ji haushi ta ƙarasa da Malay. Wata Lahadi aka kira kakarta a ƙauye, tsohuwa ta yi ta gaisuwa, yarinya ta kasa wuce "lafiya lau". Tsohuwar ta ce, "Lai'atu, wannan jikata ce ko baƙuwa kuka ajiye?" Aka yi dariya, amma Hasanatu ta ce mini ranar Maman Salama ba ta ci abinci ba.

A daidai nan Tabita ta shigo. Tabita na hawa na tara, tare suke Zumuntar Mata da Lai'atu. Su shida ne a duk yankinmu na Setapak, kuma tun da aka rufe majami'u ta waya suke taruwa, kowacce ta ɗaura zanen zumunta a falonta ta zauna gaban kyamara suna waƙa, murya na riga murya. Tabita na kiranta Yaya. Ita ma 'yarta ɗaya, Murna, sa'ar Salama, wadda ɗan wurin karatunta na saman wani kanti ya rufe da kulle bai sake buɗewa ba.

Wata rana Tabita ta hauro da safe, idanunta jajur. Ta ce ta yi mafarki. Ta ga Lai'atu tsaye gaban allo da alli a hannu, yara biyu a gabanta, haske ya cika ɗakin.

"Yaya, Ubangiji bai ba ki baiwar koyarwa don ta ƙare a kaskon masa ba. Mu koyar da 'ya'yanmu da kanmu, a gida, cikin tsoronsa. Ke ki ɗauki lissafi da Hausa da Maganar Allah, ni in ɗauki Turanci da kimiyya."

Lai'atu ba mai saurin yarda ba ce. Na taɓa ganin ta mayar da buhun shinkafa kedai, wato kanti, saboda ƙwaro ɗaya. Amma maganar ta faɗa daidai inda ke mata ciwo. Ta yi azumi kwana uku tana addu'a. Istifanus, mutum mai sanyin magana, ya ba ta shawara.

"Ki koyar da ita a gida, ban hana ba. Amma ki bar sunanta a makarantar. Kin san abin da aka sha kafin a samu kujerar nan."

Ta kai wa Tabita maganar, Tabita ta girgiza kai. "Yaya, ƙafa ɗaya a wurin Allah, ƙafa ɗaya a Taman Melati? Wannan ai ba bangaskiya ba ce, ajiya ce."

Suka durƙusa a falon Lai'atu, suka riƙe hannun juna, suka yi alkawari a gaban Allah cewa za su riƙe yaran a gida har su gama firamare. Washegari Lai'atu ta rubuta wa makarantar takardar cire 'yarta. Rigunan makaranta guda huɗu kuwa, Tabita ta ce akwai 'ya'yan 'yan gudun hijira da ke bukata, ta san wanda zai kai musu. Lai'atu ta wanke, ta goge, ta ninke ta ba ta. A cikin wuyan kowace riga akwai harafin farko na sunan Salama da ta ɗinka da jan zare, kamar yadda ake wa kayan 'yan makarantar kwana a gida.

To, abin da ya kawo mu ranar ƙarfe ke nan.

Ni dai ban taɓa ganin makarantar da ta kai wannan tsari ba, kuma na koyar a jami'a. An liƙa jadawali a jikin firij. Bayan ƙarfe sai asambuli: duba farce, duba haƙori, waƙa, addu'a, ayar haddacewa. Akwai mai kula da aji da share allo, ana karɓa-karɓa mako mako, tunda su biyu ne. Ana lissafi da wake da marafen kwalba. An shuka waken a gwangwanayen madara a baranda, ana auna tsayinsa kowace Juma'a da tef ɗin ɗinki. Ranar da aka zo darasin awo, da ludayin masa aka yi, aji ya ƙare da cin darasin. In an makara minti biyar, a share falo. Istifanus ya taɓa ratsa aji da gajeren wando zai shiga wanka, aka tsayar da shi sai da ya nemi izini.

Tabita ta koyar sau biyu. Daga nan sai ciwon kai, sai ciwon baya, sai odar kaya da za ta kai Cheras. Lai'atu ta haɗa Turanci da kimiyya ta ɗora a kanta, tana karanta darasin gobe tana juya miya. Ba ta taɓa ƙorafi ba. In Hasanatu ta yi magana sai ta ce, "Ki bar ta, ba kowa aka ba ƙarfi ɗaya ba."

Da farko Salama ta yi bore. Nakan ji ta daga ƙofa: "Mummy, gajiya lah! Ina son ƙawayena." Amma wata shida bai cika ba, wata Lahadi aka kira ƙauye, yarinyar nan ta buɗe littafin kakanta mai rigar atamfa ta karanta sura guda da Hausa, tana bin layi da yatsa. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta cikin waya har muka ji a gidanmu. Murna kuwa, wadda ta zo ba ta san bakwai sau takwas ba, ta koma tana gyara wa Mika'ilu lissafi in sun haɗu a lif.

Wajen ƙarshen shekara aka fara buɗe makarantu. Murna ta yi fashi kwana uku, aka ce haƙori ne.

Abin da ya biyo baya a gabana ya faru. Wata Litinin da sassafe na fito zan sayo burodi, Lai'atu da Salama za su sauka karɓar garin da aka kawo musu kafin a buga ƙarfe. Muka shiga lif tare, ina zolayarta ko yau za ta sake yi mana atisayen gobara. Lif ya tsaya a hawa na tara. Ƙofa ta buɗe. Tabita ce, riƙe da hannun Murna. Murna na sanye da farar riga da shuɗin siket, da jaka a baya, da gorar ruwa a wuya.

Da Tabita ta ga wanda ke ciki ta ja baya, amma yarinyar ta riga ta shige. Dole ta biyo ta.

Murna ba ta san komai ba. Ta kama hannun Lai'atu tana tsalle. "Anti, na ci jarrabawar shiga! Malamar ta ce wa ya koya mini lissafi haka, na ce Antina ce."

Salama ta matso kusa da Murna. Ta miƙa hannu ta juya wuyan rigar Murna. Jan zaren na nan.

"Mummy," ta ce da Hausa tsantsa, irin wadda uwar ta sha wahalar koya mata, "rigata ce."

Haka muka sauka hawa tara. Ni da nake da abin faɗa a kowane taro, ranar lambobin lif kawai na ƙura wa ido.

A ranar Lai'atu ta shiga jirgi ta tafi Taman Melati. Matar da ke ofis ta gane ta, ta yi murnar ganinta, cikin murnar ne ma ta faɗa mata komai. Ai ƙawarta Tabita ta zo tun Janairu, kwana biyu bayan takardar cirewa, ta ce Lai'atu ce ta turo ta a ba 'yarta kujerar da aka bari. Saboda darajar Lai'atu aka tsallake masu jira aka ajiye wa Murna gurbin, da sharaɗin za ta ci jarrabawa in an buɗe. Ta kuwa ci da kyau. Salama fa? Matar ta buɗe hannuwa. An rage yawan yara a aji saboda tazara, ko kujera ɗaya babu. Sai dai a sake rubuta sunanta a jerin masu jira, daga ƙasa.

Daga tasha ba ta hau gida ba, hawa na tara ta tsaya. Ita ce ta ba Hasanatu labarin yadda suka yi, Hasanatu ta ba ni, kuma Hasanatu ba ta ƙara gishiri sai a miya.

Tabita ta fara da kuka. "Yaya, ni ma uwa ce. Shekara uku ina neman wurin nan."

"Da kin roƙe ni in taya ki nema."

"Ubangiji ne ya buɗe ƙofa."

"Ni ya fitar ta ƙofar don ki shiga? Tabita, mafarkin fa?"

"Na yi mafarkin, Allah shaidana."

"Kafin ki shirya zuwa Taman Melati, ko bayan kin shirya?"

Tabita ta murza gefen zani. Sannan ta ce za ta dawo da rigunan.

Lai'atu ta ce, "Riƙe su, yarinyar ba ta yi mini komai ba. Ki dai samu reza ki warware zaren nan. Kada 'yata ta sake ganin sunanta a wuyan wani."

Kwana tara ban ji tuf tuf tuf ba. Waken baranda ya yi yaushi. Ba a toya masa ran Asabar ba, ɗalibai suka yi ta buga ƙofata suna tambaya ko Hedimasta lafiya. Istifanus, Allah ya saka masa, bai taɓa ce mata ai na faɗa miki ba. Ni ya faɗa wa, sau ɗaya, muna shan shayi a mamak, teburin mai shayin ƙasar nan, sannan ya roƙe ni in manta ya faɗa.

Ba rasa ƙawa ne ya fi cin ta ba. Salama ce ta tsaya a ƙofar kicin ta tambaye ta, "Mummy, Allah ne ya ce ki cire ni, ko Anti Tabita?"

Ta zo gidanmu da tambayar, ta zauna a kujera ba ta cire takunkumi ba. Ta ce wa Hasanatu, "Maman Fa'iz, kwana uku na yi ba ci ba sha ina roƙon a nuna mini. Na tashi da tabbaci a zuciyata. Yanzu ban san muryar wa na ji ba. Da kaya ta ɗauke mini, da tuni na manta. A kan gwiwa muka yi maganar nan, hannuna cikin nata."

Hasanatu ba ta iya wa'azin addinin wani ba, ko nata ma a taƙaice take yi. Ta zuba mata kunun gyaɗa ta ce, "Ni dai na ji yarinyar nan ta karanta wa kakarta. Wannan ba Tabita ce ta yi ba."

Matan zumunta sun kira taro a kan maganar. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka ce wa Tabita ba ta kyauta ba, aka ce wa Lai'atu ta yafe, duka cikin minti arba'in. Tabita ta yi kuka a gaban kyamara, aka yi ta ba ta haƙuri. Lai'atu ta ce ta ji. Tun daga nan takan ɗaura zanenta ta shiga taron, amma kyamararta a kashe.

A rana ta goma ta koma Taman Melati ta sa sunan Salama a jerin masu jira. Ta ashirin da uku. Ta dawo ta zaunar da 'yar ta ba ta amsar tambayarta. Ta ce, "Ban sani ba, Salama. Na ɗauka Allah ne, mai yiwuwa na yi kuskure, kuma ke kuskuren ya faɗa wa. Ki yi haƙuri. Amma alkawarin da na yi, ni na yi shi da bakina, kuma an ji. Har su kira ki, ni ce malamarki."

Yarinyar ta ce, "To yanzu kullum ni ce mai share allo?"

Washegari na ji tuf tuf tuf.

Makarantar na nan, ɗaliba ɗaya, malama ɗaya. Salama takan tsaya a baranda da safe ta ga Murna na tafiya tasha da jaka, sannan ta shigo asambuli. Wata rana ta faɗa wa Hasanatu wani sirri. In suna addu'ar da suke yi tare kowace safiya, da an zo wurin da ake maganar yafe wa waɗanda suka yi maka laifi, sai tari ya kama mamanta. Ita kaɗai take ƙarasa wurin, sannan uwar ta kama daga gaba. "Kullum a wuri ɗaya, Anti. Ko in gaya wa Daddy ya saya mata magani?"

Masa ta dawo ran Asabar. Na je karɓar tamu, na tarar da ita a bakin kasko, ta rame kaɗan, tana juya masa da tsinke. Na ga fuskar ta yi nauyi, na ce bari in taɓa ta ko ta saki.

"Hedimasta, an kusa cika shekara fa da kika kore mu ƙasa. Mika'ilu ya ce a shirya biki, zai zo da tawul ɗinsa. Ni har yau gwiwata ba ta daina tuna matakalar nan ba. Mutum ɗari biyu, da iliminsu da digirinsu, sifana ɗaya ta watsa su!"

Ta yi ɗan murmushi, ta ƙara mini masa biyu a leda, ta ƙulle.

"Malam, ai ba na yi muku dariya. Kun ji ƙara kun yarda, kuka ruga ba ku tambaya ba. Ni ma haka na yi. Sai dai ku minti ashirin mai gadi ya ce babu komai, kowa ya koma ɗakinsa ya tarar da kujerarsa a inda ya bar ta."